Jagora ga kalmar Turanci *quell*: yadda ake gane ma'anoninta, a bi sawun tarihinta, a kuma yi aiki da ita

Duk mai karanta jaridun Turanci ya sha cin karo da kanun labarai irin su *Police quell riot* ko *Minister moves to quell fears*. A na farko akwai kulake da barkonon tsohuwa, wataƙila har da harsashi, a na biyu kuwa babu komai sai taron manema labarai da kalamai masu sanyi, amma aikatau ɗaya ne ya ɗauki nauyin duka biyun. Wannan jagora an yi ta ne domin ɗalibin Turanci, da mai fassara labarai a gidan rediyo ko jarida, da duk wanda ke son ya koyi yadda ake bin diddigin kalma da kansa. Tsarin da za a bi ya fara daga baki, wato furuci, ya bi ta ma'anonin yau, ya koma baya cikin tarihi, sannan ya dawo kan teburin mai rubutu.

Fara da furuci da siffar kalmar

Kalmar gaɓa ɗaya ce, ana furta ta kamar "kwel", da gajeren wasali, kuma amonta ɗaya da *tell* da *bell*. Bahaushe ba shi da matsala da farkonta, domin sautin da Turanci ke rubutawa da *qu* shi ne "kw" ɗinmu na "kwana" da "kwando". Abin lura kawai shi ne kada a ƙara mata wasali a ƙarshe ta zama "kweli", kuma kada a ja wasalin tsakiya, domin da zarar an ja shi an faɗa cikin *quail*, wadda ke nufin tsuntsun salwa, ko kuma mutum ya noƙe saboda tsoro.

Ta fuskar nahawu, aikatau ce so-karɓau, ma'ana ba ta tsayawa sai an ambaci abin da aikin ya faɗa wa. Ba a cewa *the riot quelled* da nufin tarzoma ta lafa da kanta. Sai dai a ce *the riot was quelled*, ko a nemi wata kalma kamar *subsided*. Shuɗaɗɗen lokacinta *quelled* ne, mai ci kuma *quelling*.

Rarrabe ma'anonin yau ta hanyar duba karɓau

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da *quell* ke nufi a cikin jimla ita ce a tsallake ta, a dubi sunan da ya biyo bayanta, wato karɓau. Sunayen da ke bin ta sun kasu gida biyu manya. Gida na farko na hargitsin jama'a ne: *riot*, *rebellion*, *uprising*, *unrest*, *violence*, *protests*, *dissent*. A nan ma'anar ita ce kawo ƙarshen abu ta hanyar ƙarfi ko iko, kuma aikau, wato mai yin aikin, kusan kullum hukuma ce, ko soja, ko 'yan sanda, ko shugaban jam'iyya da ke fuskantar bore daga cikin gida. Gida na biyu na abin da ke tashi a zuciya ne ko a bakin mutane: *fears*, *doubts*, *anxiety*, *anger*, *panic*, *rumours*, *speculation*. A nan babu ƙarfin tuwo, ma'anar ita ce kwantarwa ko kawarwa, kuma aikau yana iya zama mutum, ko sanarwa, ko rahoto, ko ma magani, kamar yadda ake cewa ƙwaya ta *quelled the nausea*, wato ta kwantar da tashin zuciya.

Abin da ya haɗa gidajen biyu shi ne cewa abin da ake yi wa *quell* dole ya zama abu mai tasowa, mai neman ya fi ƙarfin mutane, kuma wanda mai magana ke kallo a matsayin abin ƙi. Ba a yi wa zaman lafiya, ba a yi wa abin da ke kwance. Wannan shi ya sa kalmar ba ta tsaka-tsaki ba ce, domin wanda ya zaɓe ta ya riga ya ɗauki idon mai kwantarwar ya kalli lamarin da shi.

Koma baya: yadda ake amfani da ƙamusun tarihi

Ƙamusun ɗalibai da aka saba da su a makarantunmu suna ba da ma'anar yau ne kawai, su tsaya. Wanda ke son tarihi sai ya nemi ƙamus da aka gina a kan tarihi, kuma babbansu shi ne babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, aka sake buga shi cikin juzu'i 20 a 1989. Akwai abu guda da ke ruɗar sabon shiga a cikinsa: ma'anar da aka sa a farko ita ce mafi tsufa, ba mafi yawan amfani ba. Saboda haka wanda ya buɗe shi a kan *quell* ya ga "kashewa" a sama, kada ya ɗauka abin da jaridar safiyar yau ke nufi ke nan. A duba alamar da ke nuna ma'ana ta daina aiki, a kuma karanta shekarun da ke gaban kowace jimlar misali, domin su ne ke nuna lokacin da aka fara ganin ma'ana a rubuce da lokacin da ta ɓace.

Daga nan sai a san zamunan harshen. Masana sun kasa Turanci gida uku: Tsohon Turanci, daga zuwan ƙabilun Angil da Sakson tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 zuwa wajen 1100, Turancin Tsakiya, daga nan zuwa wajen 1500, sai Turancin Zamani. Kowane zamani yana da nasa ƙamus, kuma biyu daga ciki suna intanet kyauta. Ƙamusun Turancin Tsakiya na Jami'ar Michigan, wanda aka kammala a 2001, a nemi kalmar a cikinsa da siffar *quellen*. Ƙamusun Bosworth da Toller na Tsohon Turanci kuwa, wanda ya nemi kalmar a ƙarƙashin harafin *q* zai gaji bai same ta ba, domin tana ƙarƙashin *c*, da siffar *cwellan*.

Dalilin wannan sauyin harafi yana da nasaba da yaƙi. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila bayan yaƙin Hastings, fada da kotu da coci suka koma hannun masu jin Faransanci da Latin. Magatakardan da suka saba rubuta wannan sauti da *qu* sai suka riƙa sa shi a kalmomin Turanci na asali, har *cw* ta ɓace. Ta haka *cwen* ta zama *queen*, *cwic* ta zama *quick*, *cwellan* ta zama *quell*. Darasin da mai bincike zai ɗauka a nan shi ne kada rubutu ya yaudare shi. Ganin *qu* yakan sa a zaci kalma daga Latin ta zo, kamar *question* da *quality*, alhali *quell* 'yar gida ce, tana cikin harshen tun kafin Faransanci ya taka ƙasar Ingila.

Abin da *cwellan* take nufi

A Tsohon Turanci *cwellan* tana nufin kashewa, kisan kai ko zartar da hukuncin kisa, ba tare da wani sassauci ba. A cikin doguwar waƙar jarumta ta Beowulf, wadda rubutaccen kundinta ya kai kimanin shekara 1000 da rubutawa, sarki ya gaya wa jarumin cewa shi ne ya kashe dodon nan Grendel a daren jiya, kuma kalmar da aka yi amfani da ita ita ce *cwealdest*, wato "ka kashe". Wanda aikinsa ne sare kan masu laifi, wato hauni a tsarin sarautunmu na dā, sunansa *cwellere*. Kalmar ta daɗe da wannan ma'ana har cikin Turancin Tsakiya, inda *manqueller* ke nufin mai kisan kai. A fassarar Littafi Mai Tsarki da aka danganta wa John Wycliffe da mabiyansa a ƙarshen ƙarni na 14, wanda sarki Hirudus ya aika ya kawo kan Yahaya mai baftisma an kira shi *manqueller*.

Akwai wani abu a ginin kalmar da Bahaushe zai fahimta da sauri fiye da Baturen yau. Tsohon Turanci yana da aikatau *cwelan*, da *l* ɗaya, mai nufin mutuwa, sai *cwellan*, da *l* biyu, mai nufin sa wani ya mutu. Ta biyun an gina ta ne daga ta farko, kamar yadda muke gina "zaunar da" daga "zauna", da "fitar da" daga "fita", da "kwantar da" daga "kwanta". Turanci ya daina wannan gini tuntuni, amma ya bar ragowa: *sit* da *set*, *lie* da *lay*, *fall* da *fell* ta sare itace, *drink* da *drench*. A kowane biyu, ta biyun na nufin sa abu ya yi ta farkon. A wajen namu biyun, *cwelan* ta mutu ta bar *cwellan* ita kaɗai.

Masu nazarin tarihin harsuna sun gano siffar da ta gabaci wannan, a tsohon harshen da ya haifi Turanci da Jamusanci da Holanci da harsunan Sikandinebiya. Sukan rubuta ta kamar *kwaljan*, da ɗan tauraro a gabanta. Wannan tauraro yana da muhimmanci, domin yana nufin ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, an kirdado ta ne ta hanyar gwama harsuna 'yan uwa. Sautin *j* da ke cikinta, wanda ake furtawa kamar "y", shi ne ya yi ayyuka biyu kafin ya ɓace: ya ninka baƙin *l*, ya kuma juya wasalin *a* zuwa *e*. Haka ya faru da *tell* da *sell*, waɗanda a Tsohon Turanci suke *tellan* da *sellan*. Su ukun tafiyarsu ɗaya a wancan zamani: shuɗaɗɗen lokacinsu *tealde*, *sealde*, *cwealde*. Na farko biyun sun zama *told* da *sold*, sun riƙe tsohon fasalinsu saboda kullum suna bakin mutane. Ita kuwa *quell*, da amfani da ita ya ragu, sai aka sa ta a layin sauran aikatau aka ce *quelled*.

Dubi 'yan uwanta a wasu harsuna

Wannan mataki gajere ne amma yana tabbatar da abin da ya gabata. A Jamusanci *quälen* na nufin azabtarwa, *Qual* kuma azaba. A Holanci *kwellen* na nufin gallazawa. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma har yau a harshen Aisilan, *kvelja* na nufin azabtarwa. A harshen Denmak *kvæle* na nufin shaƙewa, har suka sa wa iskar naitirojin suna *kvælstof*, wato sinadari mai shaƙewa, saboda ba a rayuwa da shaƙarta ita kaɗai. Duk dangin suna zagaye da wahala da mutuwa, Turanci ne kawai ya kai kalmar har ga kwantar da hankali.

A nan ma akwai tarko. Jamusanci yana da *Quelle*, wato maɓuɓɓugar ruwa ko tushen labari, da *quellen*, wato ɓuɓɓugowa. Sun yi kama da kalmarmu a ido fiye da *quälen*, amma ba su da dangantaka da ita. Kamar sauti ita kaɗai ba hujja ba ce a wannan fanni, kuma wannan ya shafi mai jin "kw" a *quell* da "kw" a "kwantar" ya fara ƙulla zumunci tsakaninsu. Sai an ga sauye-sauyen sauti masu bin doka a kalmomi da yawa kafin a ce akwai jini. Game da *kill* da *qualm* kuwa, masana da dama suna ganin suna da alaƙa da wannan tushe, musamman da yake Tsohon Turanci yana da *cwealm* mai nufin mutuwa ko annoba, amma ƙamusun ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, don haka mai rubutu ya ce "ana kyautata zato" ya fi masa.

Yadda kisa ya koma kwantarwa

Tun wajen 1300 aka fara ganin *quell* da ma'ana mai sauƙi, ta kawo ƙarshen abu ko kashe shi kamar yadda ake kashe wuta. Hanyar ba ta da wuyar bi. Daga kashe mutum aka koma karya lagon abokan gaba, daga nan zuwa kawo ƙarshen tawayensu, daga tawayen fili zuwa tawayen zuciya, wato fushi da girman kai da tsoro. Hausa ma ta bi irin wannan hanya da "kashe": muna kashe wuta, mu kashe ƙishirwa, mu kashe magana, mu kashe aure, mu kashe kuɗi, babu jini ko ɗigo. Bambancin shi ne "kashe" ta riƙe ma'anarta ta asali tare da sababbin, *quell* kuwa ta saki tata.

Abin da ya sa ta saki shi ne zuwan kishiya. Kalmar *kill* ta bayyana a Turancin Tsakiya da ma'anar duka ko bugu, sannan zuwa ƙarni na 14 ta zama kalmar raba rai da jiki, ta ci gaba da mamaye wurin har ta ture *quell* da *slay* gefe. Lokacin da Shakespeare ya rubuta wasan Macbeth wajen 1606, ya sa matar Macbeth ta kira kisan sarki Duncan da suke ƙullawa *our great quell*, inda kalmar ta fito a matsayin suna mai nufin kisan gilla. Ɗalibin adabi da ya karanta wurin da ma'anar yau zai ɗauka tana maganar kwantar da wata fitina ne, alhali kisan baƙo a gadonsa take nufi. Bayan wannan zamani tsohuwar ma'anar ba ta ƙara yin ƙarfi ba.

Ba *quell* kaɗai ta yi wannan laushi ba. *Starve* a dā tana nufin mutuwa kowace iri, kamar 'yar uwarta *sterben* ta Jamusanci har yau, kafin ta taƙaita ga yunwa. *Spill* tana nufin hallakarwa kafin ta koma zubar da shayi a tebur. *Swelter*, ta fama da zafi, ta fito daga *sweltan*, wato mutuwa. Kalmomin mutuwa suna yawan shiga bakin masu zuguguwa, kuma yawan zuguguwa yana dusashe kaifin kalma.

Sai dai a kiyayi wani kuskure da masu sabon ilmin asalin kalmomi ke faɗawa, wato cewa tsohuwar ma'ana ita ce ta gaskiya. Likitan da ya yi ƙoƙarin *quell* tsoron majinyaci ba shi da niyyar kisa, kuma ma'anar kalma ita ce abin da masu harshen ke nufi da ita yau. Amfanin tarihin a wani wuri yake: yana tunatar da mai karatu cewa wannan aikatau tana faɗar sakamako ne, tana yin shiru a kan hanya. A 1794 manoman yammacin jihar Pensilbaniya a Amurka sun yi bore kan harajin barasa, shugaba George Washington ya tara mayaƙan sa-kai kimanin 13,000, amma kafin rundunar ta isa masu boren sun watse, ba a yi wani yaƙi ba. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun tayar wa mulkin Ingilishi, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama a watan Fabrairu. A watan Maris aka aika runduna ta rushe garin, ana ƙiyasta mutanen da aka kashe sun kai wajen 2,000, kuma garin bai sake tashi ba. Marubucin tarihi da Turanci zai iya cewa *the rebellion was quelled* a kan duka biyun, kuma babu malamin nahawu da zai ja masa jan biro. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da mai karatu zai sani game da kalmar, kuma duk inda ya gan ta tare da sunan hargitsi, ya kamata ya ci gaba da karatu har ya gano da me aka yi, kuma mutum nawa suka mutu.

Bambanta ta da maƙwabtanta

Kalmar da aka fi rikita ta da ita ita ce *quash*, wadda ta shigo daga Faransanci. Sun haɗu a kan tawaye da jita-jita, amma *quash* ce kaɗai ke shiga kotu: kotun ɗaukaka ƙara tana *quash a conviction*, wato ta soke hukunci, kuma ba a taɓa sa *quell* a wannan gurbi. Ta biyu ita ce *quench*, wadda aikinta ƙishirwa ne da wuta. A Turancin buroka na Nijeriya *quench* ta faɗaɗa har ta kai ga mutuwar mutum ko ta inji, shi ya sa wasu ke rubuta *quench the riot* a jarrabawa, abin da daidaitaccen Turanci bai saba da shi ba.

*Suppress* ta fi faɗi kuma ta fi ɗauke da zargi, domin ana *suppress* shaida, da labari, da 'yancin magana, kuma tana nuna dannewa mai ɗorewa, *quell* kuwa ta fi nuna abu ya taso an kwantar da shi a lokaci guda. *Subdue* ita ce ta mutum: 'yan sanda sun *subdued the suspect*, wato sun fi ƙarfinsa sun riƙe shi. *Quell* ba ta cika ɗaukar mutum guda a matsayin karɓau ba, sai a salon ƙagaggun labarai, inda uwa za ta iya *quell* yaro da harara, daga nan ne ma aka samu *a quelling look*. *Allay* ta tsoro ce da shakka da zargi kawai, mai taushi ce, ba a tura soja da ita. *Crush* ba ta ɓoye komai. *Pacify* tana da fuska biyu, ana rarrashin jariri da ita, kuma da sunan da aka ƙera daga gare ta, *pacification*, Turawan mulkin mallaka suka riƙa kiran yaƙe-yaƙen da suka ci ƙasashenmu da su. A hira ta yau da kullum kuwa Bature ya fi cewa *put down* ga tawaye da *calm* ga tsoro, domin *quell* kalmar rubutu ce, kuma gajartarta ta sa masu tsara kanun labarai ke son ta.

Mayar da ita Hausa

Babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauke ta ko'ina, saboda haka mai fassara zai yi tambayoyi kafin ya zaɓa. Tambayar farko ita ce ta karɓau, kamar yadda aka yi bayani. Ga hargitsi akwai "kwantar da tarzoma", da "shawo kan rikici", da "daƙile", da "murƙushe tawaye". Ga abin zuciya akwai "kwantar da hankali", da "kawar da shakku", da "danne fushi" ko "haɗiye fushi" idan mutum da kansa yake fama, da "kawo ƙarshen jita-jita".

Tambaya ta biyu ita ce ta hanya, kuma amsarta tana cikin sauran labarin. Idan an sa dokar hana fita, an tara shugabannin al'umma, ƙura ta lafa, "shawo kan" ko "kwantar da" sun dace. Idan an buɗe wuta, an ƙirga gawarwaki, "murƙushe" ta fi kusa da gaskiya, kuma wanda ya ce "kwantar da" a nan ya taya hukuma rufa-rufa ko da bai yi niyya ba. "Daƙile" ta fi dacewa da abin da aka tare tun bai girma ba, kamar yunƙurin juyin mulki.

Tambaya ta uku, wadda aka fi mantawa a gaggawar ɗakin labarai, ita ce ko aikin ya auku ko ƙoƙari ne kawai. Kalmar tana yawan zuwa cikin gine-gine kamar *in a bid to quell*, *deployed to quell*, *failed to quell*, *did little to quell*. Ɗauki jimlar *Troops were deployed to quell the unrest*. Abin da ta ce shi ne an tura sojoji domin su kwantar da tarzomar, ba ta ce sun kwantar ba. Mai fassarar da ya karanta a labaran ƙarfe shida cewa sojoji sun kwantar da tarzoma zai iya sa mai sauraro ya ɗauki mota ya nufi unguwar da har yanzu ake ƙona tayoyi. Haka *The statement did little to quell speculation* tana nufin sanarwar ba ta yi wani tasiri wajen tsayar da raɗe-raɗin ba, ba wai ta ɗan rage shi ba.

Akwai kuma batun sunan da aka ba lamarin. Bakinmu ya saba da "kwantar da tarzoma" har ta zama kamar kalma ɗaya, saboda sunan 'yan sandan kwantar da tarzoma. Wannan sabo yakan sa a ga *quell protests* a rubuta "kwantar da tarzoma" ba tare da tunani ba, alhali *protest* zanga-zanga ce, wadda tana iya zama ta lumana, *riot* ce tarzoma. Idan rahoton asali bai ce an yi ƙone-ƙone ko fashe-fashe ba, a ce "daƙile zanga-zanga" ko "tarwatsa masu zanga-zanga", gwargwadon abin da ya faru.

Yi aiki da ita a rubutunka

Kafin mutum ya sa kalmar a nasa rubutun, yana da kyau ya tara jimloli na gaske daga jaridu masu inganci, ya rubuta su a littafi, ya ja layi ƙarƙashin aikau da karɓau na kowace. Bayan jimloli kamar ashirin zai ga sunaye ƙalilan ne ke ta maimaituwa, kuma waɗannan su ne iyakar filin da kalmar ke kiwo. Daga nan sai ya gwada nasa, yana duba abubuwa kaɗan. Kada ya liƙa mata *down*, domin *quell down* kuskure ne da ya samo asali daga *calm down* da *put down*. Kada ya bar ta ba karɓau. Kada ya sa ta a kan matsalar da ba ta da siffar tasowa, domin *quell poverty* da *quell unemployment* ba su zauna ba, *tackle* ko *reduce* ake so. Kada kuma ya sa ta a kan abin da yake goyon baya ba tare da ya lura ba, domin ɗan jaridar da ya rubuta cewa gwamnati ta *quelled the agitation* ya riga ya nuna wa mai karatu cewa koken abin kwantarwa ne, ba abin saurare ba. Idan yana son ya tsaya a tsakiya, sai ya faɗi abin da aka yi kai tsaye: *police dispersed the crowd with tear gas*, ko *the governor met union leaders and the strike was called off*.

Siffar *was quelled*, wadda ba ta ambaci aikau ba, tana da wurinta idan an riga an faɗi wanda ya yi aikin a jimlar baya. Idan ba a faɗa ba, edita mai kula zai mayar wa marubuci takardarsa ya ce ya cika wurin, da sunan rundunar, da abin da ta yi amfani da shi, da ranar da abin ya faru.